YADDA A KE DASA BUGAMBILIYA A TUKUNYA

Wanda ya fita daga birnin Kano ta Ƙofar Nasarawa cikin watan Janairu, sa'ad da hunturu ya busar da ciyawa, ƙura ta lulluɓe itatuwa, ya kan ga wata shuka ta hau katangun gidaje, ta yi ja wur, sai ka ce an shanya sababbin zannuwa. Sunanta bugambiliya. Abin mamaki gare ta shi ne, lokacin da sauran tsire-tsire su ke yaushi don rashin ruwa, a sa'an nan ita ta ke cin ado.

Asalin wannan shuka daga Amurka ta Kudu ne. A shekarar 1766 wani shugaban jirgin ruwa Bafaranshe, mai suna Bougainville, wanda a kan faɗi sunansa kamar Bugambil, ya tashi kewaya duniya, bai koma gida ba sai 1769. A cikin ayarinsa akwai wani masanin tsire-tsire, Philibert Commerson, da mataimakiyarsa Jeanne Baret, wadda ta yi shigar maza, gama a zamanin an hana mata shiga jiragen yaƙin Faransa. Da su ka ya da zango a Rio de Janeiro ta ƙasar Birazil cikin 1767, sai su ka sami shukar, aka sa mata sunan shugaban tafiyar. Daga baya aka yi ta kai ta ƙasashe masu zafi, har ta iso ƙasar Hausa.

Abin nan mai launi da mutane su ke zaton fure ne, ba fure ba ne. Wani irin ganye ne marar kauri kamar takarda, ja, ko fari, ko ruwan goro, ko ruwan hoda. Idan aka duba tsakiyar ganyayen nan uku, za a ga furen na ainihi, ɗan ƙarami, fari-fari.

A cikin birni gidaje a haɗe su ke, tsakar gida ba ta da faɗi, sau da yawa kuma an daɓe ta ko an shafe ta da siminti. Ba kowa ke da wurin yin lambu ba, amma ba a rasa inda za a ajiye tukunya guda. Bugambiliya kuwa tana jin daɗin zaman tukunya. Sai dai ba ta cika yin iri ba, saboda haka reshenta a ke dasawa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin haka a ke yi wa rogo da rake, haka kuma a kan kafa reshen ceɗiya a ƙofar gida ya zama babbar inuwa.

Lokacin da ya fi kyau shi ne farkon damina, watau Yuni da Yuli, sa'ad da iska ta ke da laima. Da fari sai a nemi izinin mai shukar. A zaɓi reshe mai lafiya, wanda kaurinsa ya kai na fensir, ba ɗanye shar ba, ba kuwa tsohon da ya ƙeƙashe ba. A yanka shi da wuƙa mai kaifi, tsawon inci 6 zuwa 8, daidai ƙarƙashin gaɓa, watau wurin da ganye ya ke fitowa, domin daga nan saiwa ta fi saurin tsira. A yi hankali ƙwarai, gama reshen yana da ƙaya; ya kamata ƙaramin yaro ya bar wa babba aikin wuƙa.

Sa'an nan a tsinke ganyayen ƙasa duka, a bar biyu ko uku a sama. Ga dalili: ganye yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ya ke fita ta cikinsu, reshen kuwa bai yi saiwar da zai sha wani ba tukuna. In an bar masa ganye da yawa, sai ya bushe kafin ya kama.

Tukunyar ƙasa ta fi roba, don ba ta ɗaukar zafi da sauri, laima kuma tana tsatsafowa ta jikinta. Ba lalle sai sabuwa ba. Tsohon tulu ko randar da ta tsage za su yi. Amma tilas a huda gindinta, a ɗora ɗan tsingaro bisa hudar, don ruwa ya riƙa fita, ƙasa ta tsaya. A cika ta da yashi mai tsabta, a gauraya da 'yar turɓaya. Kada a sa taki yanzu.

A yi rami da tsinke, a sa reshen har rabinsa, a danna ƙasar da yatsa. A lura kada a juya shi, kansa ya koma ƙasa. Yana da kyau a dasa biyar ko shida, gama ba duka ne su ke kamawa ba. A ba su ruwa, a kifa farar leda a bisa, a yi mata 'yan huji, a ajiye tukunyar a inuwa mai haske, kamar gindin katanga.

Daga nan sai haƙuri. Saiwa ta kan ɗauki mako shida ko takwas, wani lokaci fiye da haka. Yaro mai gaggawa ya kan tuge reshen don ya ga ko ya kama, da haka ya ke kashe shi da hannunsa. Ko da an ga toho ya fito, a ƙara masa kwanaki, domin reshe ya kan yi toho da ɗan abincin da ke jikinsa tun bai yi saiwa ba.

Idan sababbin ganye sun yi ƙwari, sai a cire ledar, a mai da kowane dashe tukunyarsa. A haɗa ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen takin tumaki kashi ɗaya. A ɗauko dashen tare da ƙasar gindinsa, gama saiwarsa siririya ce, ba ta da wuyar tsinkewa. A riƙa fito da shi rana kaɗan-kaɗan, har ya saba. Babbar bugambiliya tana son rana ta sa'a shida ko fiye kowace rana. A inuwa ba ta yin launi.

Babban kuskuren da a kan yi shi ne yawan ban ruwa. Wanda ya ke tuttula mata ruwa safe da yamma, yana zuba taki ba ƙaƙƙautawa, ganye kore kaɗai zai samu, wani lokaci ma saiwar ta ruɓe. Sai a sa yatsa cikin ƙasar. In da danshi a bari, in ta bushe a zuba har ya ɗigo ta hudar. Cikin watan Agusta, sa'ad da ruwa ya fi yawa a Kano, a janye tukunyar daga bakin indararo. Da bazara kuwa ƙasar tukunya tana saurin bushewa, sai a riƙa dubawa kullum.

Akuya ba ta barin ɗanyen toho, saboda haka a ɗora tukunyar a bisa, ko a kewaye ta. A nisanta ta da inda ƙanana su ke wasa, saboda ƙaya. A kafa mata sanda, a ɗaura rassan tun suna da taushi, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Bayan launin ya zube, a rage tsawon rassan, domin a jikin sabon reshe launi ya ke fitowa. Rassan nan da aka yanke kuwa kada a zubar. A dasa su, a ba maƙwabta, har lungu duka ya samu daga tukunya guda.

TAMBAYOYI

1. Daga wace ƙasa aka samo bugambiliya, kuma sunan wa aka sa mata?
2. Don me a ke tsinke ganyayen reshe kafin a dasa shi?
3. Mene ne amfanin hudar gindin tukunya?
4. Me ya kan sami shukar da aka cika wa ruwa da taki?
5. A kawo sunayen tsire-tsire uku na ƙasar Hausa da a ke dasa reshensu.