Ɗan aiken AI ya yi wa Baffana oda sau biyu: darasin da na koya kan takardun bayani

Ranar da abin ya faru ina shagon Baffana a kasuwar Dembe, nan Njamena, ana shirin sallar azahar. Saƙo ya shigo wayarsa daga kamfanin da yake saro kayan gyaran babur a ƙasar waje, wai an karɓi odarsa har sau biyu. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗana, wannan ɗan aiken naka kurma ne ko ɓarawo?" Na rasa bakin magana, don ni na kawo ɗan aiken, ni na ce a yarda da shi.

Ɗan aiken nan ba mutum ba ne. Manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira, wato AI, wadda take buɗe burauza da kanta, ta shiga shafin intanet, ta duba farashi, ta cike fom, ta danna maɓalli kamar yadda ɗan Adam yake yi. Kayan aikin da ake sarrafa burauza da su sun daɗe: Selenium ya fito tun 2004, Google ya fitar da Puppeteer a 2017, Microsoft kuma ya fitar da Playwright a 2020. Abin da ya zama sabo shi ne miƙa wa AI linzamin. Kamfanin Anthropic ya nuna irin nasa a watan Oktoban 2024, OpenAI ya biyo baya da Operator a Janairun 2025.

Ni wata ƙaramar manhaja ta kyauta na ɗauko, ba ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da farko duba farashi kawai take yi wa Baffa kowace safiya. Da na ga tana aiki lafiya, sai na ba ta izinin tura oda. A ranar, ta danna maɓallin biya, sadarwa ta yanke kafin amsa ta dawo, sai ta ɗauka aikin bai yiwu ba, ta sake dannawa. Kwana biyu na yi ina tono kafin na gane cewa haka aka tsara ta: idan ba ta ji amsa ba, ta maimaita. Ba a faɗi wannan ko'ina a takardun bayaninta ba, wato rubutun da masu manhaja ke yi don koya wa mutane amfani da ita.

Tun daga ranar na daina zaɓen kayan aiki da kyawun bidiyon talla. Takardun nake fara karantawa, kuma abu biyar nake nema.

Na farko, me suka ce game da ranar da aiki ya lalace? Kowa ya iya rubuta misalin da komai ke tafiya daidai. Mu nan sadarwa kan yi nauyi, wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki. Takardun Playwright, alal misali, sun ware shafi kan yadda manhajar ke jiran maɓalli ya bayyana kafin ta danna, sun kuma nuna cewa wa'adin jira na asali daƙiƙa 30 ne, da yadda za ka ƙara shi. Wanda ya san wannan zai iya daidaita shi da layinsa.

Na biyu, shin misalan suna aiki yau? A 2022, Selenium ya cire wasu tsofaffin umarnai na neman abu a shafi daga sigarsa ta harshen Python, amma har yanzu intanet cike yake da darussan da ke koyar da su. Wannan ya fi zama matsala yanzu, domin AI ma daga irin waɗannan rubuce-rubuce ya koyi aiki, don haka yakan rubuto maka umarnin da ya riga ya mutu. Takarda ta ƙwarai tana ɗauke da lambar siga, tana kuma faɗin abin da aka sauya da abin da ya maye gurbinsa. Ni dai nakan kwafi misalin farko in gwada. In ya ƙi tashi, na san irin gidan da na shiga.

Na uku, kuɗin data. Wasu kayan aikin sukan sauke burauza har uku lokacin girkawa, ɗaruruwan megabait ke nan. Ga mai sayen data da guminsa a layin Airtel ko Moov, wannan ba wasa ba ne. Ina duba ko takardun sun nuna yadda za a sauke guda ɗaya kawai, da yadda za a hana hotuna buɗewa.

Na huɗu, harshe. Chadi da Faransanci da Larabci take aikin hukuma, amma yawancin waɗannan takardu da Ingilishi suke. Ba a nan abin ya tsaya ba. Bafaranshe yakan rubuta 1 250,50 inda Ba'amurke zai rubuta 1,250.50, kwanan wata ma kowa da yadda yake jera shi, Larabci kuma daga dama yake farawa. Ɗan aiken da ya karanta waƙafi a matsayin alamar dubu zai iya mayar da farashin jaka ɗaya ya koma na jaka ɗari. Don haka nake neman sashen da ya yi bayanin saita harshe da yanki da agogo.

Na biyar, wanda ya fi duka nauyi, shi ne amana. Ina ake ajiye kalmar sirri? Akwai hanyar tilasta wa ɗan aiken ya tsaya ya nemi izini kafin ya biya kuɗi? Mugun mutum na iya ɓoye umarni a cikin shafi, AI ya karanta ya bi, kamar maigidansa ne ya aike shi. Manyan kamfanonin da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. Takardar da ba ta ambaci wannan haɗari ba, ko dai marubutanta ba su san shi ba, ko sun ɓoye, kuma duka biyun ba alheri.

Ga 'yan'uwa matasa masu koyon wannan sana'a a Ridina ko Ambasatna ko Farsha, shawarata ita ce ku gwada a inda ba kuɗi. Ku kashe data da gangan ana tsakiyar aiki, ku ga abin da manhajar za ta yi, sannan ku duba ko takardun sun faɗi haka tun farko. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kamfanin ya yarda ya soke oda ta biyu, amma sai da kuɗin Baffa suka yi makonni a maƙale, ya kuma ranci na hayar shago. Yanzu ɗan aiken ya koma duba farashi da cike fom. Idan an zo wurin biya, sai ya tsaya, in miƙa wa Baffa waya, ya gyara tabarau, ya karanta adadin sau biyu, ya yi bismillah, ya danna da yatsansa.