Ɗundu Ake Nema, Ba Gawo Ba: Gargaɗi Ga Masu Feshi a Nasarawar Burkullu

Da zarar bazara ta kama, manoman Nasarawar Burkullu da ƙauyukan Bukkuyum, Anka da Gummi kan fita sassabe. Da can adda da gatari ne. Yanzu matashi zai goya injin feshi, ya auna magani da gwangwanin madara, ya bi gona kaf yana watsawa kan duk abin da ya yi kore. Bayan kwana uku ganye ya ƙone, mai gona ya yi murna. Ruwa na sauka sai ɗundu ya sake tohowa daga saiwa, har ya fi da yawa.

Dalili shi ne ba duk magani ke kaiwa saiwa ba. Paraquat, irin su Gramoxone, ganyen da ya taɓa kawai yake ƙonawa. Glyphosate, irin su Roundup, yana bin jikin tsiro har ƙasa, sai dai ba ya zaɓe: gero da dawa da ɗan gawon da ke tasowa duk ɗaya ne a wurinsa. Shi kuwa 2,4-D masu faɗin ganye yake kamawa, don haka iska kaɗan ta isa ta kai shi gonar maƙwabci ta lanƙwashe masa wake ko auduga.

Hanyar da malaman gona ke koyarwa ta fi sauƙin kuɗi. A sare itacen da ba a so kusa da ƙasa, nan take, kafin bakin sarar ya bushe, a shafa magani mai bin saiwa da buroshi, musamman zagayen da ke ƙarƙashin ɓawo, domin ta nan yake gangarawa. In an bari sai gobe, an yi asara. Ba a yi idan hadari ya haɗu, kuma gwargwadon da aka rubuta jikin kwalba shi ake bi, ba na mai shago ba.

To amma wanne ya cancanci kisa? Nan ne ake yawan kuskure. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya ciyar da ƙasa ba tare da ya yi wa shuka inuwa ba. Sabarar da ake raina kuwa, binciken da aka yi a Senegal ya nuna saiwarta na jawo danshi daga can ƙasa da dare, geron da ke kusa ya amfana. A Maraɗi, tun 1983 wani mai suna Tony Rinaudo da manoma suka fara barin toho mafi ƙarfi a kan kututture suna rage sauran; sassaben zamanin nan ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Sai batun lafiya. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a ba su labarin guba: dalmar da ta ɓulla a 2010 a Yargalma, Dareta da Bagega ta kashe yara sama da 400. Paraquat ba shi da makari, kurɓi ɗaya na iya kisa, kuma Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007. Duk da haka ana ganin masu feshi da silifa, ba safar hannu, wani ma da baki yake hure kan injin in ya toshe. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma gida a zuba manja ko ruwan sha, injin kuma a wanke shi nesa da rijiya da mashayar dabbobi.