Taki da tarakta suna samun kuɗi, malaman gona fa?

Duk wanda ya saba cin kasuwar ƙauye a tsakiyar damina ya san rumfar da ta fi cika: rumfar mai maganin feshi.

Manomi zai zo da ganyen masara a leda, tsutsa ta huhhuda shi. Mai rumfa ya juya ganyen, ya miƙo kwalba, ya ce a zuba murfi kaza a tanki. Idan bai yi ba, kasuwa mai zuwa a ƙara murfi ɗaya, ko a gauraya da wata kwalbar.

Sau da yawa daga mai saye har mai sayarwa babu wanda ya karanta rubutun da ke jikin kwalbar. Amma shi kaɗai ne mai ba da shawarar da ya rage wa manomin, kuma ribarsa tana ga yawan kwalaben da ya sayar.

A da wannan aiki yana da mai shi. Malamin gona ake ce masa, gwamnati ce ke biyansa, kuma ba ya sayar da komai. A yau akwai matasan manoma da dama da ba su taɓa ganinsa a gonarsu ba.

Alƙaluman da jami'an gwamnati da masana kan ambata sun nuna cewa a Najeriya malamin gona ɗaya ne ke kula da manoma 5,000 zuwa 10,000, alhali abin da aka fi ba da shawara shi ne ɗaya ga kimanin 1,000. Ko kwana yake a kan babur, mutum ɗaya ba zai zaga gonaki 10,000 a damina guda ba.

Zamanin babur da littafin ziyara

Wajen 1975 aka buɗe manyan shirye-shiryen bunƙasa noma uku a Funtua da Gusau da Gombe, da rancen Bankin Duniya. Su ne mafarin abin da aka sani da ADP. Da aka ga amfaninsu sai aka faɗaɗa su zuwa jihohi baki ɗaya a shekarun 1980, inda Kano ta samu hukumar KNARDA, sauran jihohi ma kowacce da tata.

Tsarin aikin yana da tsauri. Kowane malami an yanka masa yankinsa, an ba shi babur, kuma yana da ranar da aka san zai zo kowane ƙauye. Yana da zaɓaɓɓun manoma da yake aiki da su, su kuma maƙwabta su gani su kwaikwaya.

Duk bayan mako biyu malaman sukan taru a ba su horo kan aikin da ke gaba, ko shuka ce, ko zuba taki, ko girbi. Duk wata kuma manyansu sukan zauna da masu bincike, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a kai musu matsalar da aka gano a gona, su kuma su kawo abin da suka gano a ɗakin bincike.

Ta wannan hanya ingantaccen irin masara ya bazu a ƙasar Funtua da kewaye, har masara ta zama amfanin kasuwa a wuraren da dawa da gero ne kawai aka sani a manyan gonaki. A ƙarshen shekarun 1980 aka ƙara sashen mata, saboda an lura malami namiji ba ya shiga gidajen aure, alhali a can ake sussuka da surfe da ajiyar iri.

Tsarin yana da nasa aibi. Yana cin kuɗi sosai, kuma saƙo yakan sauko daga sama ne, ba a cika sauraren manomi ba. Babban rauninsa dai shi ne kaso mafi tsoka na kuɗin daga waje yake zuwa.

Da mai tabarma ya naɗe kayarsa

A tsakiyar shekarun 1990 kuɗin Bankin Duniya ya ƙare, nauyin ya dawo kan jihohi. Yawancinsu sun ci gaba da biyan albashi, amma kuɗin mai da gyaran babur da horon mako biyu da gonakin gwaji suka yi ta raguwa har suka ɓace a wurare da dama.

Daga nan sai lissafin shekaru ya shigo. Dokar aikin gwamnati ta ce ma'aikaci zai yi ritaya idan ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa. Ke nan wanda aka ɗauka a 1985 ya ajiye aiki a 2020 ko kafin nan. Rukunin da suka sha horon zamanin ADP sun tafi kusan lokaci guda, kuma jihohi da dama sun shafe shekaru ba su ɗauki madadinsu ba.

Ƙungiyoyi sun cike wani gurbin. Sasakawa, wadda ta shigo Najeriya a 1992, ta yi aiki da malaman gonar jihohi wajen kafa gonakin gwajin masara a Kano da Kaduna da sauran wurare. Shirye-shiryen Fadama ma sun yi amfani da su. Sai dai kowane shiri yana da wa'adi. Yana ƙarewa alawus ya tsaya, babur ya koma jingine.

An ɗauka, ba a riƙe ba

Yunƙuri mafi girma na baya-bayan nan shi ne N-Power, wanda gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar a 2016. An ɗauki matasa 200,000 a rukunin farko, aka ƙara 300,000 a na biyu, aka rarraba su koyarwa da asibitoci da aikin gona. Na ɓangaren gona su ne N-Agro, kuma ana biyan kowa Naira 30,000 a wata.

A lokacin kuɗin ya fi mafi ƙarancin albashi, wanda yake Naira 18,000. Amma aikin na wucin gadi ne. A 2020 aka sallami rukunin farko da na biyu, sannan a watan Oktoban 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta dakatar da shirin don yin bincike.

Aikin malamin gona kuwa ba a iya shi a damina ɗaya. Sai mutum ya san ƙasar yankin, ya san wane fage ne ke riƙe ruwa, ya san dattijon da in ya karɓi sabon iri kowa zai karɓa. Manomi ba ya sa abincin shekararsa a hannun baƙo. Daidai lokacin da matashi ya fara samun wannan yarda, sai wa'adinsa ya cika, ya koma neman wani aikin, abin da ya koya ya tafi da shi.

Waɗanda ke da aikin dindindin ma riƙe su ba sauƙi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya ninka sau da dama. Malamin da ba a ba shi kuɗin mai ba, ko dai ya ciri daga abincin iyalinsa ya je ƙauye, ko ya zauna a ofis. Masu ƙwazo a cikinsu kuwa kamfanonin iri da na taki da ƙungiyoyin agaji suna jiransu da albashi mai kauri.

Abin da rashinsu ke jawowa

A 2016 ƙwaron tumatir mai suna Tuta absoluta, wanda manoman Kano suka laƙaba wa Sharon, ya cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsayar da aiki saboda rashin kaya, farashin kwando ya yi tashin gwauron zabi.

A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Duka biyun baƙi ne, manomi bai gaji sanin maganinsu daga iyaye ba. Irin wannan annoba tana buƙatar mai zagaya gonaki ya gan ta da wuri, ya kai rahoto, ya dawo da bayanin maganin da ya dace da lokacin feshi. Inda babu shi, sai a yi ta gwada kwalabe, kuɗi ya ƙare, ƙwaro ya saba da maganin.

Ko takin da gwamnati ke kashe biliyoyi a kansa yana buƙatar malami. Yuriya idan aka watsa ta a saman ƙasa aka bar ta, wani kaso nata yakan bi iska. Idan aka tona ɗan rami a gefen shuka aka zuba aka rufe, shuka ta fi cin moriyarta. Buhu ɗaya ne, kuɗi ɗaya ne, amma girbin ba ɗaya ba.

Daga gona zuwa sito

Matsalar ba ta tsaya a gona ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an sha samun guban maganin ƙwari na diklobos a cikinsa fiye da yadda doka ta yarda. Sinadarin nan ne ke cikin maganin da ake kira fiya-fiya.

Yawanci ba a gona ake zuba shi ba, a wurin ajiya ne, don kada ƙwaro ya huda waken. Masu wannan aiki yaran sito ne da 'yan dako da dillalai, mutanen da kusan babu wani shirin horo da ke tunawa da su. Waken da Turawa suka mayar kuwa irinsa ne muke yin ƙosai da alala da shi.

Akwai mafita, kuma an gwada ta. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, yana toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da an sa magani ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta samar da shi tare da masu bincike na Afirka, ciki har da na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Yadda ya karɓu shi ne darasin: malaman gona ne suka shiga ƙauye-ƙauye, a ɗaure buhu a gaban jama'a, bayan watanni a dawo a kwance kowa ya gani da idonsa. Ba don su ba, da buhun yana nan a shago.

Haka abin yake ga mata masu turara shinkafa, da mahauta a mayanka, da masu shanya barkono da tumatir a bakin titi. Makarantun da za su horar da masu koya musu suna nan, kamar Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, da ta Audu Bako a Dambatta, da kwalejin tarayya ta fasahar amfanin gona da ke Hotoro a Kano. Suna yaye ɗalibai duk shekara. Guraben aikin ne babu.

Abin da Habasha ta yi

A farkon shekarun 2000 Habasha ta ɗauki wata hanya. Ta yi amfani da kwalejojin aikin gona 25 ta horar da malamai sama da 60,000 cikin 'yan shekaru, da nufin kowace gunduma ta samu uku: na shuka, na dabbobi, da na kula da ƙasa da ruwa. Ta kuma gina cibiyoyin horar da manoma a ƙauyuka, ta sa albashin malaman a kasafin gwamnati.

Ita ma ba ta tsira ba. Wajen 2010 kimanin 45,000 ne suka rage a bakin aiki, sauran sun gudu saboda ƙarancin albashi da wahalar zaman karkara. Wato ko inda aka ɗauki mutane da yawa, riƙe su wani kuɗi ne daban da sai an tanada.

Nawa ne kuɗin?

A 2003 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Maputo cewa za su riƙa ware kashi 10 cikin 100 na kasafinsu ga noma, suka sabunta shi a Malabo a 2014. Kasafin tarayyar Najeriya bai kusanci wannan ba. Ɗan abin da ake warewa kuma ya fi tafiya ga abin da za a iya jerawa a ɗauki hoto: taki, tarakta, injin ban ruwa, bashi. Shirin bashin manoma na Babban Banki, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, shi kaɗai ya raba sama da Naira tiriliyan ɗaya.

A yi lissafi mai sauƙi. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Malamai 1,000 a kan wannan kuɗi za su ci Naira miliyan 840 a shekara. Ko an ninka shi biyu don a ƙara musu albashi, a sa kuɗin mai da horo, bai kai biliyan biyu ba, kuma idan kowanne ya riƙe gida 1,000 an kai ga gidaje miliyan ɗaya.

Abin da ke sa gwamnatoci ja da baya shi ne kuɗin ba na sau ɗaya ba ne. Tarakta ana saya a yi biki a wuce. Ma'aikaci kuwa sai an biya shi duk wata, a ƙara masa girma, a biya shi fansho, har bayan gwamnan da ya ɗauke shi ya sauka.

Amma an taɓa yin irin wannan ga wasu. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta ƙara wa malaman makaranta shekarun aiki zuwa 40, ko 65 da haihuwa, don kada ƙwararru su ƙare. Likitoci da ma'aikatan jinya suna da tsarin albashinsu na musamman. Ana iya duba irin wannan ga malaman gona: alawus ɗin zaman karkara, kuɗin mai da ke shiga hannunsu kai tsaye, ɗaukar 'yan asalin yanki da mata, da riƙe tsofaffin da suka yi ritaya su horar da sababbi kafin iliminsu ya bi su.

Waya da rediyo suna taimakawa, kuma cibiyar NAERLS da ke Zariya ta daɗe tana shirye-shiryen manoma da Hausa. Sai dai waya ba ta tona ƙasa ta ga saiwa, ba ta kuma kwance buhu a gaban mai gari.

Tunda jihohi ne ke ɗaukar yawancin malaman gona, amsar tana cikin kasafin da majalisun jihohi ke amincewa da shi duk ƙarshen shekara. Mai son sanin gaskiyar alƙawarin da aka yi wa manoma yana iya tambayar ɗan majalisarsa abu uku: malaman gona nawa ne a ƙaramar hukumarmu, nawa ne za su yi ritaya nan da shekara biyar, kuma nawa aka ware musu na mai da horo? Kafin a samu amsa, manomi zai ci gaba da kai ganyensa rumfar mai magani.