Malamin Bayoloji da Sana'ar Koyar da Dangantakar Halittu

Yaron da ya tashi a Gwandu ko Kalgo ba ya shiga ajin bayoloji da hannu wofi. Kafin ya kai aji ɗaya na babbar sakandare, inda manhaja ta ajiye darasin rarrabe halittu, ya riga ya san gawo da bagaruwa, ya san tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa, yana kuma bambanta kasa da kububuwa tun daga nesa. Aikin malamin bayoloji shi ne ya ɗora wannan sanin bisa tsarin da masana kimiyyar duniya suka yi ittifaƙi a kai.

Tsarin ya samo tushe ne daga Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, wanda a littafinsa na 1753 ya daidaita ba kowane tsiro suna mai kalma biyu ta Latin: ta farko sunan zuriya, ta biyu sunan jinsi. A 1758 ya shimfiɗa wannan ƙa'ida a kan dabbobi. Dalili a fili yake. Itacen da Basakkwace ke kira dogon yaro, Bakano darbejiya yake ce masa, amma masani a Indiya da na Birnin Kebbi duk Azadirachta indica suka sani. Sama da zuriya akwai matakai biyar, kuma malaman ƙasar Gwandu ba sa shan wahalar bayyana su, don ɗalibi ya san gida a cikin unguwa yake, unguwa a cikin gari, gari a cikin gunduma, gunduma a ƙarƙashin masarauta.

Ana shiga sana'ar ne da takardar NCE daga kwaleji irin ta Adamu Augie da ke Argungu, ko da digiri daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin kuma yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Sai dai takarda daban, hannu daban. Kayan aikin su ne madubin hannu mai ƙara girman abu, na'urar ganin ƙananan halittu in makaranta ta mallaka, kwalabe masu ruwan fomalin don adana kwaɗo ko kunama, da tsofaffin jaridu da ake danne ganye a tsakaninsu har ya bushe. Inda babu ɗakin gwaji, fadama da bakin kasuwa su ne ɗakin gwajin.

Gwanin malami ba ya farawa da Latin. Yakan zube wake, gurjiya da gyaɗa a kan tebur ya tambaya: waɗanne biyu ne suka fi kusa? Yara sukan haɗa gurjiya da gyaɗa, tunda duk a ƙarƙashin ƙasa suke 'ya'ya. Sai ya nuna musu cewa gurjiya 'yar'uwar wake ce, duk zuriyar Vigna, gyaɗa kuwa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, zuriyar Arachis. Haka yake yi da jemage, mai tashi amma yana haihuwa yana shayarwa, da ayu na kogin Kwara, mai zaman ruwa amma ba kifi ba. Daga nan sai ya koya musu tantancewa da tambayoyi biyu-biyu: yana da ƙashin baya ko babu? Ƙafafunsa shida ne ko takwas? Kowace amsa tana rage taron, har a tsaya kan halitta guda. Wannan idon ne jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO ke nema, inda ake ajiye wa ɗalibi samfuri ya zana, ya faɗi ajinsa da hujja. Ko rubuta sunan da ladabinsa: babban baƙi a farkon kalmar farko, ƙarami a ta biyu, a ja wa kowace layi.

Sunayen ma ɗauke suke da tarihin da ya shafi yankin. Ɗorawa, Parkia biglobosa, ta ci sunan Mungo Park ne, Baturen da ya ratsa Yawuri cikin kwalekwale ya halaka a Busa wajen 1806. Shinkafar gargajiya ta fadama, Oryza glaberrima, a Afirka ta Yamma aka fara nomanta, ba daga Asiya ta zo ba kamar Oryza sativa.

Wahalar sana'ar ita ce ilimin ba ya tsayawa wuri guda. Masarautun halittu biyar da littattafan sakandare ke koyarwa, Robert Whittaker ne ya tsara su a 1969, amma a 1990 Carl Woese da abokan aikinsa sun raba rayayyu gida uku bisa binciken ƙwayoyin gado. Gawo ya bar zuriyar Acacia ya koma Faidherbia albida, bagaruwa ta koma Vachellia nilotica. Malamin da ya riƙe tsohon littafinsa na kwaleji kawai, tsohon labari zai riƙa sayarwa. Ga kuma cunkoson aji da jarabar hadda, wadda ke fitar da ɗalibi mai jero sunaye amma bai taɓa buɗe fure ya duba cikinsa ba.

Amfanin darasin yana bayyana ne bayan an bar makaranta. Ma'aikacin lafiyar da ya bambanta sauron Anopheles mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro da sauran sauraye, da malamin gonar da ya gane wane ƙwaro ne ke huda karan shinkafa kafin ya ce a yi feshi, da ma'aikaciyar jinyar da ta tambayi kamannin macijin da ya yi sara, duk a wannan aji suka fara koyon duba abu da kyau kafin su kira sunansa.