Gaskit ɗin da direbobinmu ke rainawa

Duk ranar Alhamis, tun da jijjifi motoci ke barin Ƙaura Namoda zuwa kasuwar Shinkafi, wasu kuma su miƙe hanyar Zurmi har su ɓulla Jibiya. Galibinsu Golf ne, ƙira ta uku da kamfanin Volkswagen ya fara yi a 1991, wadda ta gama aikinta a Turai kafin ta zo mu ɗora mata buhunan gero da albasa. Direban irin wannan mota ya san taya, ya san birki, ya kuma san tof gaskit domin ranar da ya ƙone kowa sai ya ji labari. Amma akwai wasu gaskit guda biyu da ba a cika ambatonsu ba sai sun hana mota tafiya, su ne na manifol.

Na daɗe ina zama a garejin wani abokina bakanike a Ƙaura, kuma abin da nake yawan gani shi ne direba ya aiki yaro shago ya ce, "Karɓo mini gaskit ɗin manifol." Mai shago ya miƙo wanda ke kusa da hannunsa. Nan matsala take farawa, domin manifol biyu ne, kuma aikinsu ya yi hannun riga. Ɗaya shi ke raba iska, a wasu injunan har da fetur, zuwa kowace silinda. Ɗayan shi ke tattara hayaƙi ya miƙa wa salansa. Na farko zuƙa yake yi, zafinsa kuma da sauƙi. Na biyu wuta yake ɗauka, yakan haura digiri 600 idan mota ta yi lodi tana hawa tudu.

Saboda haka kayan da ake yin su ba ɗaya ba ne. Na ɓangaren iska yawanci wata takarda ce mai tauri da aka haɗa da roba, ko zoben roba a injunan da manifol ɗinsu na filastik ne. Na ɓangaren hayaƙi kuwa dole ya zama siraran faifan ƙarfe da aka jera kan juna, ko ƙarfe da aka lulluɓe da wani baƙin sinadari mai santsi irin na bakin fensir. Na taɓa ganin wanda aka yanka daga kwalin sabulu aka maƙala a ɓangaren hayaƙi domin a samu a kai gida. An kai gidan, amma da aka kwance sai toka aka tarar.

Idan na iska ya tsage, injin yana shaƙar iskar da ba a auna ta ba, fetur ya yi masa kaɗan. Mota ta ƙi zama a silo, ta riƙa karkarwa, ka ɗaga ƙafa daga totur ta mutu. Sai a bi filogi a sauya, a wanke injekta, a zargi mai sayar da fetur a galan, alhali ɓarnar tana can a manne da kan injin. Masu Golf mai injin 1.8 su ƙara lura da robar nan mai kauri da ke ƙarƙashin injekta, domin tana tsagewa da tsufa kuma alamunta iri ɗaya ne. A wani wuri wannan ƙaramin ciwon kai ne. A hanyar Zurmi ko ta Shinkafi, inda kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa matafiya, motar da ke mutuwa duk lokacin da aka rage gudu a kan rami ba abin wasa ba ce.

Na hayaƙi shi ba ya ɓoye kansa. Da safe idan aka tayar da injin za ka ji tak-tak-tak da sauri, can idan ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗe sai ƙarar ta lafa, direba ya ce ai ta gyaru. Leƙa ka ga baƙin kunkunniya a gefen notuna. A motocin da ke da na'urar auna iskar hayaƙi, wannan ɓular tana ruɗa kwamfutar injin ta ƙara sakin fetur, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 babu direban da ke da fetur ɗin zubarwa.

Wajen saye, sunan mota kaɗai ba ya isa. Golf iri ɗaya tana zuwa da injuna daban-daban, ga kuma waɗanda aka riga aka sauya musu injin na Beljiyam. A jikin injin akwai haruffan da aka buga, kamar AAM ko ABS ko ADZ, su za a faɗa wa mai shago. Ya fi kyau ma a tafi da tsohon gaskit ɗin a ɗora a kan sabon, a ga ramukan sun hau juna daidai, babu leɓen da zai rufe wani sashe na hanyar iska. Sunaye irin su Elring da Victor Reinz sanannu ne, sai dai kwali ba ya zama shaida, domin jabu ma a kwali mai kyau yake zuwa. Riƙe shi a hannu, duba kaurinsa da tsaftar yankansa. Idan babu nagari a Ƙaura, a ba direban Gusau saƙo, ko a jira mai zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Jiran kwana biyu ya fi kwance injin sau biyu.

Gaskit mai kyau ma yana lalacewa a hannun mai gaggawa. Sai an kankare tsohon tas, an ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar manifol an tabbatar zafi bai tanƙwara ta ba. Idan ta tanƙware, sai an kai an daidaita ta. Ɗaurin noti daga tsakiya yake farawa ya yi waje, kaɗan-kaɗan, ba a danne ɗaya gaba ɗaya a koma na gaba. Idan wata ƙusa ta karye a cikin kan injin, a ciro ta, kada a ce sauran za su riƙe. Ni dai ban yarda da ɗabi'ar lafta gam ba. Fetur yana cin sa, abin da ya matso ciki kuma injin ke haɗiye shi.

Kai kuma fasinja, kana da naka. Hayaƙin da ke ɓulla a gaban mota yana iya shigowa ciki, kuma a cikinsa akwai iskar guba marar wari da ke kawo ciwon kai da jiri da barci, musamman lokacin hunturu da ake rufe gilashi ruf. Idan ka ji haka, ka sauke gilashi, ka ce wa direba, "Malam, a duba salansar nan daga wajen injin kafin a yi wani lodin."