Kwabo Mai Huji: Gaskiya da Ƙarya Kan Darajar Tsoffin Kuɗin Ƙarfe

Zance ya bazu cewa duk mai kwabo mai huji, ko anini, ko sule na zamanin Turawa, ya taka arziki, musamman idan an ga wani ɗan harafi a jikinsa. Wasu sun shiga zazzage adakar kakanninsu, wasu kuma 'yan damfara sun yi awon gaba da kuɗinsu. Ga abin da yake gaskiya, ga wanda ba shi da tushe.

Ana cewa harafin H ko KN da ke jikin kwabo kuskure ne.

Ba haka ba ne. Alama ce ta masana'antar da ta buga kuɗin. Galibin kuɗin da aka kashe a Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya a Ingila ake buga su. H na nufin kamfanin Heaton na birnin Bamingam, KN kuma kamfanin King's Norton, shi ma a can. SA alamar masana'antar Firitoriya ce ta Afirka ta Kudu, wanda ba shi da harafi kuwa daga masana'antar gwamnati ta Landan ya fito. Gaskiya ne harafin kan ƙara daraja, amma sai idan masana'antar kaɗan ta buga a wannan shekarar, kamar sulen 1920 mai harafin G.

Ana cewa kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas ya kai miliyoyi.

Rabin zancen gaskiya ne. Edward ya hau mulki a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar, kuma a Ingila ba a saki kuɗi mai hotonsa ba. Amma a Afirka ta Yamma an buga kwabo, ɗari da anini masu sunansa miliyoyi, an kuma kashe su a kasuwa. Ba su da wuyar samu, don haka farashinsu bai taka kara ya karya ba.

Ana cewa sule mai ruwan ɗorawa zinariya ce.

Ƙarya ce. Sulen da aka fara bugawa a 1913 azurfa ce, amma daga 1920 aka koma tagulla mai launin rawaya. Babu ƙwayar zinariya a ciki. Hujin kwabo ma da gangan aka yi shi, don a zura a zare kamar yadda aka saba yi da wuri.

To, akwai kuskure na gaskiya?

Akwai. Wani lokaci ma'aikata kan haɗa hatiman bugu biyu da ba nasu ɗaya ba. Misali shi ne kwabon 1956 mai harafin H da ya fito da sunan Sarki George na Shida, alhali ya rasu tun 1952, 'yarsa Elizabeth ce kan karaga. Haka nan kuɗin da hujinsa ya kauce daga tsakiya, ko wanda ya fito babu huji. Masu tara tsoffin kuɗi suna neman irin waɗannan. Amma lanƙwasa, ƙarzuwa, tsatsa da shafewar rubutu lalacewa ce bayan an fito da kuɗin, kuma rage daraja suke yi.

Idan kana da su, duba shekara da harafi da gilashin ƙara girma, ka kwatanta da kundin masana kuɗi. Kada ka goge su da toka ko lemon tsami, domin gogewa na cinye fuskar ƙarfen, masu saye kuma sun fi son shi yadda ya tsufa. Duk wanda ya ce ka fara biyan kuɗin gwaji ko na rajista kafin ya saya, rabu da shi. Ko ba su kawo ko sisi ba, adana su ka nuna wa yara abin da kakanninsu suka sayi hatsi da shi.