Kifin Ado Ma Yana Son Ganye

Da yawa daga masu ajiye kifin ado a tankin gilashi, busasshen abincin kanti kaɗai suke ba shi. Alhali kifin zinariya, ɗan asalin ƙasar Sin, da wanda ke manne wa gilashi yana tsotsar gansakuka, duk suna bukatar ganye.

Kokwamba, latas ko alayyahu sau 2 a mako sun wadatar. Koren wake da aka ɓare kuwa yana sauƙaƙa musu kumburin ciki. A wanke sosai saboda maganin ƙwari, a sulala minti 2 ba gishiri, a bari ya huce.

Amma fa kada ragowar ta wuce awa 24 a ruwan. In ta ruɓe amoniya za ta taru, sai ka wayi gari kifinka ya mutu.